Abin da Goron Ke Ci

Sau bakwai nake ɗaukar buta kafin asalatu,
in tsuguna kamar mai gadin famfon Garin Malam:
ɗigo, shiru, ɗigo.
Cima ta daina yin kamar barci take.
Ita ta kai tunkiyarta Kasuwar Dole,
ta ƙulle jikkunan a bakin zane,
ta ce, "Mato, tashi mu je."

A ƙofar ɗakin wani yaro ya ce in tuɓe ƙarfe duka.
Zobe, agogo, makullin shago,
basillar da ta shekara talatin a aljihuna.
Sai da na ajiye ta na ji ni tsirara.

Suka tura ni cikin farin rami, a kwance.
Ban so tunanin da ya zo mini ba.
Na yi salati.
Sai bugu ya tashi,
kamar maƙera goma sun taru kan uwar maƙera ɗaya,
kowa da guduma, ba mai jiran wani.
"Kada ka motsa, Baba."
Na ƙirga fatun da ake bi na bashi,
na ƙirga ƴaƴana, na koma kan fatun.

Lokotoro Barira ce ta kira ni bayan kwana uku.
Ni na ɗinka wa ubanta gafaka yana yaro,
yau ƴarsa ke karanta cikina a jikin gilashi.
Ta ce abin bai fi goro girma ba,
yana zaune ƙarƙashin mafitsara, ya riƙe hanya.
Ta ce, "Hoto katangar gida yake nunawa,
mu kuwa girkin gidan muke son sani.
Maganaɗisu ya yi sallama,
kowane sinadari ya amsa da tasa murya."

Ta ce naman kirki mai tattali ne,
yana tara wani tsami, dangin na lemo,
yana ɓoyewa kamar hatsi a rumbu.
Mugun nama ba ya ajiya.
Abin da ya samu ya cinna wa wuta,
gini yake yi dare da rana,
ƙasar ginin ce ke tona masa asiri.

Ta nuna mini wani zare mai hawa da sauka,
sai ka ce duwatsun Birni da magariba.
Dutsen da ya kamata ya yi tsawo ya durƙusa,
na gefensa ya miƙe yana leƙen gari.
"Nan, ta hagu," in ji ta.
"Allura ce za ta yanke hukunci,
amma yanzu ba lalube za ta yi ba."

Ban yi boko ba, amma wannan na gane shi.
Sau nawa majemi ya miƙo mini fata,
ja wur, fuska sumul,
in kai ta hanci, in mayar masa?
Ido bai san inda bagaruwa ta tsaya ba.

Na tambaye ta ko mai sauri ne.
Ta gyara tabarau.
Ta ce wani yakan shekara goma yana gyangyaɗi,
wani ba ya barci,
mu jira allura.

A waje rana ta take tsaka.
Cima na rigima da ɗan kabu-kabu kan dala ashirin.
Na sayi goro ɗaya, fari, wajen mai faifai,
ba tabo ko ɗis a bayansa.
Tun ina yaro na san sunan abin da ke cin goro ta ciki,
ban taɓa zaton za a kira shi a kaina ba.

Na sa farce, na tsaya.
Cima ta ce, "Ka fasa mana, ko kallo ka saya?"
Na fasa.
Na ba ta ɓari, ban duba ba.